Nishin Duna da dare: tsufa ne, ciwo ne, ko abin da ake tsoro?

Baban Nafisa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar waɗanda suka san dabba nake nema. Ina da kare, Duna, shekararsa 9 a hannuna, tun yana kwikwiyo na karɓo shi ranar wata kasuwar Pitowa. Shi ke gadin garken tumakina a bayan gida nan Jambutu, kuma tun zuwansa ko ɗan akuya ba a taɓa kwance mini ba. To tun shigowar hunturun nan ya sauya. In zai kwanta sai ya yi ta juyi, ya sauke ƙugunsa a hankali, sannan ya saki wani dogon nishi kamar dattijon da ya sauke kaya. Cikin dare ma ina jiyo nishin daga ɗaki. Yau kwana uku kuma, da asuba sai ya ɗaga kai sama ya riƙa wannan kuka mai ja. Jiya da yamma Nafisa ta dafa bayansa yadda ta saba, ya yi mata gurnani. Bai cije ta ba, ko juyowa bai yi ba, amma bai taɓa yi mata haka ba. Inna ta ce a fitar da shi daga gidan, kukan nan ba na alheri ba ne. Maƙwabcina ya ce haukan kare haka yake farawa, in sa a kashe shi. Ni dai zuciyata ba ta ba ni ba. Yana cin abinci, yana shan ruwa, in na kira shi yana kaɗa bindi.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka ji maganar maƙwabcinka. Ni da idona na ga yaron da haukan kare ya kama, ɗan ƙanwata ne, a ɗaure a gado ya cika. Har gobe in na ji haushi cikin dare shi nake tunawa. Kare dai kare ne, za ka samu wani. Nafisa fa?

Maman Bilkisu, Ngaundare:
Allah ya jiƙan yaron, Alhaji. Ni ma mun taso muna jin cewa in kare ya yi irin wannan kukan a ƙofar gida to a shirya, rasuwa za a yi. Kakarmu takan kife takalmi in ta ji shi. Kada ka raina maganar Inna, Baban Nafisa, ba a banza take faɗa ba.

Baba Maharbi, Figil:
Ku dakata 'ya'yana. Na fi shekara 40 ina yawo da karnuka a daji, kuma karen farauta in ba ka san bakinsa ba kai da shi duk wahala za ku sha. Kowane kuka da abin da yake faɗa. Haushin da ya ga zomo siriri ne, a jere, da ɗoki a ciki. Haushin da ya tsare gyado a bakin rami mai kauri ne, yana yi yana dakatawa yana jiran ka iso. In maciji ne sai ka ji haushin ya gutsuttsure, yana yi yana ja da baya. In kuwa ya ji warin kura, wani ma ba ya haushi ko kaɗan, bindi zai shige tsakanin ƙafafu ya zo ya manne maka a ƙafa.

Abin da ka kwatanta na san shi sarai. Karena na ƙarshe haka ya yi a shekarunsa na tsufa. Ni dai ban taɓa ganin mahaukacin kare ya kwana uku yana cin tuwo yana kaɗa wa maigidansa bindi ba. Kuma ka lura, a ina yarinyar ta dafa shi? A baya. Wurin da ke masa ciwo ne. Da cizo ya yi niyya, ai hannun yana kusa da bakinsa. Ce mata ya yi kar ki taɓa nan.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Baba, da girmanku, amma ranar da ya ciji yarinyar wa zai ɗauki nauyi? Maharbi ya san daji, ciwon nan kuwa ba a ganinsa sai ya gama ɓarna.

Zainabu, ɗaliba, Ngaundare:
Sallama ga iyayena. Ina karatun likitancin dabbobi a jami'ar nan, ban gama ba tukuna, amma bari in faɗi abin da na sani. Alhaji, tsoronku yana kan hanya, domin ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Sai dai sauyin muryar da ake gani a mahaukacin kare daban yake da nishi. Cutar tana shanye naman maƙogwaro ne, sai haushin ya dishe, ya fara da kauri ya ƙare da wani kuka kamar an shaƙe shi. Muƙamuƙi na iya saki, dalala ta yi ta zuba domin ba ya iya haɗiya, ya riƙa cizon itace ko dutse ko iska, ko ya bar gida ya yi ta tafiya ba inda ya nufa. Kuma daga fara alamu ba ya wuce kwana 10 a raye.

Baban Nafisa, don Allah amsa mini waɗannan. Haushinsa in baƙo ya zo, yana nan yadda ka san shi? Da safe in zai tashi, yana ɗingishi ne na ɗan lokaci sannan ya ware? A kan me yake kwana? An taɓa yi masa allurar rigakafi? Kuma wani kare ko wata dabba ta cije shi cikin watannin nan?

Baban Nafisa, Garwa:
Na gode ƙanwata. Haushinsa yana nan, ɗazu ma ya yi wa mai kawo dusa. Tashin safe kam da ƙyar, ƙafafun baya kamar ba nasa ba, sai rana ta ɗaga yake warewa. A kan siminti yake kwana, bakin garke. Allura an yi masa sau ɗaya da daɗewa, ban sake kai shi ba. Cizo ban ga alama ba, kuma ba ya fita.

Ustaz Harisu, Kusiri:
Kafin masu ilimin dabba su ci gaba, ina so in taɓa maganar Maman Bilkisu, da ladabi. Abin da ya zo a hadisi shi ne in mun ji haushin karnuka ko kukan jakuna da dare mu nemi tsarin Allah, domin suna ganin abin da ba mu gani. Iyakar umarnin ke nan, a ce a'uzu billahi. Babu inda aka ce kukan kare na sanar da ajalin wani. Wannan camfi ne, kuma an hana mu camfi. Unguwar da ke da gida ɗari, kare ya yi kuka ko bai yi ba, wata rana za a yi rasuwa, sai a tuna daren da ya yi kukan a manta da darare hamsin da ya yi ba abin da ya faru.

Ajiye kare don gadin dabbobi ko gona ko farauta kuwa halal ne da nassi. Malamanmu na Malikiyya ma suna kawo labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. To dabbar da ta yi maka gadi shekara 9 tana da haƙƙi a kanka. Mun san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa Allah ya gafarta masa. A kashe shi kan zato kawai, ban ga hujjarsa ba. In likita ya tabbatar da hauka, wannan magana ce daban.

Maman Bilkisu, Ngaundare:
Na ji Ustaz, Allah ya ƙara sani. Amma to me ke sa shi kukan da asuba, tun da da can ba ya yi?

Garba Makanike, Garwa:
Baban Nafisa, ba masallacin layinku ba ne aka ɗaura wa sabuwar lasifika makon jiya? Tun daga gareji nake jiyo ta. Karen maigidana na da haka yake, in motar asibiti ta wuce da jiniya sai ya ɗaga kai ya bi ta da kuka har ta ɓace.

Baban Nafisa, Garwa:
Wallahi Garba haka ne. Ranar Juma'a aka ɗaura ta, kuma kan garken take kallo. Ban taɓa haɗa su ba.

Zainabu, ɗaliba, Ngaundare:
Yaya Garba ya gano ta. Kuka mai ja kira ne na nesa, gadonsu ne daga kyarkeci, wanda garkensa ke kiran juna da shi. Duk sauti mai tsawo mai kaifi, jiniya ko sarewa ko amon lasifika, yana iya tayar musu da shi. Kunnensu ma ya fi namu nisa. Mutum iyakarsa sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, kare kuwa yana jin wanda ya ninka haka har ya wuce. Wani ƙarar da lasifika ke fitarwa mu ba mu san da shi ba, shi yana cikin kunnensa. Sauran abubuwan da ke sa wannan kukan su ne kaɗaici, musamman karen da aka ɗaure aka bari, da kuma in akwai karya mai neman barbara a unguwa. A nan za ka ga namijin har abinci yana ƙi.

Abin da Baba Maharbi ya faɗa kuma masu bincike sun gwada shi. A wata jami'a da ke Budafes ta ƙasar Hangari, a 2005, an naɗi haushin karnukan kiwo a yanayi daban-daban, baƙo a ƙofa, kare an ɗaure shi a bishiya an tafi, kare yana wasa, aka kunna wa mutane. Har waɗanda ba su taɓa ajiye kare ba sun iya bambancewa fiye da a ce sa'a ce. Mai kauri da ke zuwa a jere da sauri suka ce faɗa ne, siriri mai tazara suka ce tsoro ne ko kewa. A 2010 kuma aka gwada gurnani. Aka ajiye ƙashi, kare ya nufo shi sai a kunna masa gurnani daga ɓoye. In na wasa ne, ko wanda aka yi wa baƙon mutum, yawanci sai ya ɗauki ƙashinsa. In kuwa gurnanin karen da ke tsaron abincinsa ne, sai ya ja da baya. Su a tsakaninsu ba su ruɗewa.

Baba Maharbi, Figil:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Mu ba mu da na'ura, ƙafa da kunne suka koya mana. Bari in ƙara abu ɗaya da ke ci mini rai. Mutanenmu in kare ya yi gurnani sai a ɗauko sanda. Ka doke shi yau, ka doke shi gobe, zai daina gurnanin, amma abin da ya sa shi yi yana nan. Jibi sai ya ciji mutum ba sallama. Karnukan da na fi tsoro a rayuwata su ne waɗanda aka kashe wa baki da duka. Baban Nafisa kada ka taɓa shi kan abin jiya. Yarinyar za ka koya wa, in yana kwance ko yana ci a bar shi.

Kuma nishi ma kala biyu ne. Akwai na daɗi, wanda kare ya ƙoshi, ya miƙe ƙafafu, ido ya lumshe, ya yi ajiyar zuciya sau ɗaya ya yi barci. Ko in kana sosa masa kunne. Wannan ba komai. Na ciwo shi ne wanda ke maimaituwa, ya kwanta ya tashi ya sake wuri, ido a buɗe.

Danladi Direba, Gidar:
Ka saya masa tramol ko paracetamol ka murƙushe cikin fura mana, in dai ciwon jiki ne ai zai ware.

Malam Abdu na Dabbobi, Gidar:
A'a Danladi, don Allah kar kowa ya yi haka. Shekarata 16 ina aikin jinyar dabbobi, na ga karnuka da yawa da maganin mutane ya kashe. Ibuprofen da diclofenac suna huda musu ciki su lalata ƙoda, paracetamol in ya yi yawa hanta yake ci. Akwai maganin ciwon gaɓoɓi na karnuka, da awonsa bisa nauyi, likita ke bayarwa.

Baban Nafisa, abin da na ji ya fi kama da sanyin ƙashi na tsufa, siminti da hunturu suka tayar da shi. Amma ba a duba dabba ta waya. Yau ka shimfiɗa masa buhuna biyu ko uku da busasshiyar ciyawa inda iska ba ta bugawa. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, in ja-ja ne madalla, in ya yi fari to jini ya ragu, kuma a yankinmu kaska ce kan gaba wajen jawo haka. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu. In yana barci ka ƙirga numfashinsa, bai kamata ya wuce 30 a minti ba.

Ga nishin da ba a kwana da shi, kowa ya riƙe. In ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kare na yunƙurin amai ba abin da ke fita, ciki ne ya murɗe, cikin awoyi yake kashewa. In ya yi ƙara ɗaya cikin ciyawa ya dawo ƙafa ko fuska na kumbura, ka zargi kububuwa, kun san yadda take a kwarin Binuwai. Karya mai ciki, wadda kwananta ke kai wajen 63, in ta fi rabin awa tana yunƙuri da ƙarfi ba ɗa, a nemi taimako. Sai haki lokacin zafin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke wuce digiri 40. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake huce jiki, don haka haki kaɗai ba ciwo ba ne. Amma in harshe ya yi jawur, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa nan take. Kwikwiyo mai yawan kuka kuma a shafa fatarsa, sau da yawa za a ji ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce a ciki, daga ƙasar da yake kwanciya yake ɗauka.

Sa'idu Mai Shayi, Kusiri:
Ku gafarce ni na shigo da tawa. Karatun abin da Zainabu ta rubuta ya tayar mini da hankali. Shekaranjiya wani kare da ba na unguwarmu ba ya bi ta gaban teburina, bakinsa a buɗe, muryarsa kamar ta wanda mura ta shaƙe. Ya yagi yarona a ƙwauri, ɗan kaɗan ne, jini ma bai zuba sosai ba. Matasa suka kashe karen suka jefar. Mun ƙona gashinsa mun shafa a wurin, yaron yana wasansa lafiya.

Malam Abdu na Dabbobi, Gidar:
Sa'idu ka rufe shayin nan yanzu. Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, ko da an yi kwana biyu, ka sa maganin wanke rauni na Bétadine, ka kai shi asibiti yau a fara masa allurar cizon kare. Ka faɗa musu yadda muryar karen take da bakinsa. Wasan da yaron ke yi ba shaida ba ce, cutar takan kwanta wata biyu ko uku, wani lokaci mako ɗaya kawai, kafin ta nuna kanta. Gashin kare ba ya maganin komai. Kuma allurar ba ɗaya ba ce, duk ranar da suka rubuta maka ka koma.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Sa'idu, don girman Allah ka tashi. Mu ma haka muka ce, ƙarami ne. In kuɗi ne matsala ka yi mini magana ta gefe.

Hajiya Fanne, Njamena:
Sa'idu, in ba ka samu allurar a nan ba, gadar Ngeli kawai za ka tsallako zuwa Njamena, ka kira ni in raka ku. Ina so kuma jama'a su san ciwon nan ana iya karya shi. A 2012 da 2013 an yi wa karnukan Njamena allura kyauta unguwa-unguwa, da haɗin gwiwar ɗakin binciken dabbobi na Farsha da wata cibiya ta Siwizalan. An samu kusan kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, har aka yi watanni ba a ga mai ciwon ba. Daga baya ya dawo ta karnukan da ake shigowa da su daga waje. Ni da kaina na ja namu da igiya na kai.

Sa'idu Mai Shayi, Kusiri:
Mun wanke, muna kan babur. Na gode muku. Alhaji na ga saƙonku.

Baban Nafisa, Garwa:
Jama'a ga yadda aka yi. Jiya na sa wa Duna takunkumi na kai shi wurin likitan dabbobi. Da ya danna ƙugunsa na hagu sai ya yi irin gurnanin da ya yi wa Nafisa, sak. Ya ce gaɓar ta ci, tsufa ne. Ya cire masa kaska fiye da yadda na zata daga cikin kunnuwa, dasashin ma ya ɗan yi fari, ya ba da magani na makonni. An sabunta masa rigakafin hauka, ya ce duk shekara in kawo shi. Saboda maganar Alhaji na tambaye shi kai tsaye, ya ce bai ga alama ba, amma in killace shi kwana 15 ina lura, kada yara su je wurin. Na yi hakan.

Daren jiya a kan buhuna ya kwana, na ji nishin sau biyu kawai. Da asuba ya sake kukan, na fito na tsaya kusa da shi, ana kashe lasifika ya yi shiru. Na nuna wa Inna, ta ce ta ji, amma a matsar da shi daga saitin tagarta. Zan mayar da makwancinsa bayan rumbu.

Baba Maharbi, Figil:
Madalla. Ka riƙa fitar da shi yana ɗan takawa da hantsi, zaman wuri ɗaya ƙara ɗaure ƙafar yake. Kuma ka samo kwikwiyo tun yanzu ya koyi gadin a bakinsa, ba a kiwon kare ranar farauta.

Sa'idu Mai Shayi, Kusiri:
An yi wa yaron ta farko, sun rubuta mana ranakun sauran. Malam Abdu, akwai wani yaron maƙwabta da aka ce karen ya lashi hannunsa inda yake da gyambo. Shi ma a kai shi ne?

Malam Abdu na Dabbobi, Gidar:
A kai shi yau. Yawu a kan buɗaɗɗen rauni daidai yake da cizo. Ka bi gida-gida a layin ka tambaya ko akwai wani, har da masu awaki da karnukan da ya yi faɗa da su.